Ginin cikin kwamfuta da ginin da ke tsaye a Tawa: abin da aka gano kafin shekara ta cika da tarewa

Cibiyar koyon sana'a ce a gefen garin Tawa na ƙasar Nijar, bene mai hawa ɗaya, wadda wata ƙungiya ta gina da kuɗin masu ba da tallafi. A ƙasa akwai biro-biro da zauren ɗinki da wani babban ɗakin ajiya. A sama akwai azuzuwa uku da ɗakin kwamfuta, wanda ke ƙuryar yamma. Kafin ginin ya cika shekara da tarewa, ƙorafi ya taru a gaban darakta. Ɗakin kwamfuta ba ya zaunuwa daga azahar, kilim biyu da ke sanyaya shi kullum cikin lalacewa suke, kuɗin kuran, wato wutar lantarki, sun zarce abin da aka ware, ruwan sama kuma yana shigowa ta tagogin gabas. Shawara ɗaya ce a kan tebur: a sayo kilim masu ƙarfi.

Abin da ya hana a sayo su nan take shi ne maganar kwangila. A tsarin da muka gada daga Faransa, sau biyu ake karɓar aikin gini. Akwai karɓar wucin gadi ranar da aka miƙa makullai, sai karɓa ta ƙarshe, galibi bayan shekara guda. Tsakanin biyun, mai gini yana riƙe da wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, wanda a ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ba ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma duk aibin da ya fito daga hannun ɗan kwangila a wannan tsakani shi zai gyara. Da zarar an sa hannu a takarda ta ƙarshe, kuɗin sun tafi. Ɗan kwangila ya ce abin da aka zana masa shi ya gina. Ofishin da ya yi zanen ya ce lissafinsa ya nuna kilim biyu sun isa, sai dai in mutanen cibiyar ne ba su iya amfani da ginin ba. Mutanen cibiyar kuwa zufa kawai suke sharcewa. A wannan hali aka nemi mu duba ginin, mu faɗi inda kowane laifi ya fito.

Abin da ke cikin durowar darakta

Wannan gini ya bambanta da galibin gine-ginenmu ta fuska ɗaya: masu tallafin sun sa sharaɗin a zana shi da tsarin BIM, wato a gina samfurinsa a cikin kwamfuta tare da bayanan kowane sashe, a kuma miƙa samfurin tare da makullai. A zanen da muka saba da shi, bango layi biyu ne a kan takarda, sai mai karatu ya san abin da ake nufi. A samfurin BIM kuwa kowane bango yana ɗauke da bayaninsa: kaurinsa, da abin da aka gina shi da shi, da inda ya fuskanta. Taga tana ɗauke da faɗinta da irin gilashinta. Ɗaki yana ɗauke da girmansa, da yawan mutanen da aka yi shi dominsu, da na'urorin da aka ce za a sa masa. Kowane ɗayansu kuma yana da lambarsa da ba ta maimaituwa, saboda haka ana iya liƙa masa hoto ko ƙorafi ko sakamakon awo, a dawo bayan shekaru a same shi a wurin.

Samfurin yana cikin wani ɗan filashi da ba a taɓa sokawa a kwamfuta ba tun ranar bikin buɗewa. Fayil biyu ne a ciki. Ɗaya na manhajar Revit ne, wadda lasisinta na shekara-shekara ne kuma da kuɗin waje ake biya, babu ƙaramar ƙungiyar da za ta ɗauki wannan nauyi don gini guda. Ɗayan kuma fayil ɗin IFC ne, buɗaɗɗen tsari da ya zama ma'aunin duniya na ISO 16739 a shekarar 2013, wanda manhajoji da yawa na kyauta ke iya buɗewa. Da shi muka yi aikin gaba ɗaya.

Komawa a duba gini bayan an tare ba sabuwar dabara ba ce, amma ko'ina a duniya marainiya ce. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Ingila, RIBA, ta sa matakin a jadawalin aikinta na 1963, ta cire shi a shekarun 1970 saboda babu mai biyan kuɗinsa, sai a 2013 ta maido da shi. Daga 1995 zuwa 2002, binciken PROBE, wanda Bill Bordass da Adrian Leaman ke cikin jagororinsa, ya bi gine-gine kimanin 20 a can bayan an shiga cikinsu, ya buga sakamakon a fili. Wani rahoton hukumar Innovate UK na 2016 ya nuna cewa hayaƙin kabon da ke fita sanadiyyar makamashin gine-ginen da aka bincika, waɗanda ba gidajen kwana ba ne, ya kai ninki 3.8 na abin da aka ƙiyasta wajen zane. A ƙasar da ta wajabta BIM a ayyukan gwamnatinta tun 2016 ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ƙura ba ta toshe na'ura.

Samfurin ya faɗi niyya, ba abin da aka gina ba

An rubuta a kan fayil ɗin cewa shi ne hoton ginin kamar yadda aka kammala shi. Mai hankali ba ya yarda da wannan rubutu sai ya taka ƙafa. Muka ɗauki tef ɗin awo da tocila da tsani, muka buɗe samfurin a waya, muka bi ginin ɗaki-ɗaki, duk abin da ya saɓa mu ɗauki hotonsa mu liƙa a lambar abin.

Bangaye da ƙofofi sun dace da zane, har da yabo. Matsalar tana sama. Rufin kwano ne a kan ƙarafa, da silin a ƙarƙashinsa, kuma samfurin ya nuna an shimfiɗa audugar gilashi mai tare zafi, kaurin santimita 10, a kan silin ɗin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ƙofar shiga silin ɗaya ce, a saman matakala. Wanda ya leƙa ta nan ya haska tocila zai ga auduga shimfiɗe lafiya lau, ya sauko ya sa hannu. Sai da wani matashin mai gyaran wuta ya rarrafa a kan ƙarafan, da sanyin safiya don da rana ba ya shiguwa, sannan ya gano cewa audugar ta ƙare daidai inda hasken tocila ke ƙarewa. Daga aji na biyu har ɗakin kwamfuta babu komai tsakanin kwano da silin sai ƙura da kashin jemage. Kwano a ranar bazara yakan haura digiri 60, kuma duk wannan zafi a kan silin yake sauka.

A can sama kuma ya ga abu na biyu. An zana kafofin iska a ƙarshen rufin gabas da yamma don iska mai zafi ta riƙa fita, amma an liƙe su da siminti. Wannan ba ha'inci ba ne. Mutanen cibiyar ne da kansu suka roƙi magina su toshe, saboda tattabaru da jemagu sun mai da wurin gida. Babu wanda ya gaya masu aikin da kafofin ke yi, kuma raga ta jaka biyu ko uku da ta magance tsuntsayen.

Na uku yana jikin kilim ɗin, a kan ɗan allon ƙarfen da ke gefen injin waje. Ma'aunin ISO 5151 ya kasa waɗannan na'urori bisa yanayin da aka gwada su. Rukunin T1 ana gwada shi ne da zafin waje na digiri 35, rukunin T3 kuwa da digiri 46, don ƙasashe irin namu. Samfurin ya ce T3. Allon ya ce T1. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Tawa yakan haura 40 kusan kullum, injinan kuma an kafe su a bangon yamma, inda ranar la'asar ke dukansu kai tsaye, haƙarƙarinsu cike da ƙurar hunturun da ya wuce.

Duk wannan muka gyara a cikin samfurin, muka ajiye na asali a gefe. Daga nan gine-gine biyu ne a kwamfuta, wanda aka yi niyya da wanda aka gina.

Abin da mazauna ginin suka sani

Tambayoyin da ake amfani da su a Turai takarda ce mai ma'auni daga 1 zuwa 7, kowa ya cika da kansa. A nan yawancin masu koyon ɗinki ba su karanta Faransanci, wasu Buzaye ne da Hausarsu ta kasuwa ce, kuma mace ba za ta gaya wa baƙon namiji duk abin da ke damunta ba. Saboda haka da baki aka yi tambayoyin, wata abokiyar aikinmu ta zauna da mata. Ba a tambayi kowa ƙarfe nawa ba. An tambaye su da hantsi, da azahar, da la'asar, an tambaye su da bazara, da damina, da ɗari, domin da waɗannan mutane ke tuna zafi. Kowace amsa aka ɗaura ta a ɗakin da ta shafa, aka sa samfurin ya yi wa ɗakunan launi gwargwadon yawan ƙorafi. Darakta ya ga benensa a allon kwamfuta, ƙuryar yamma ja wur, ƙasa duk kore in ban da kusurwa ɗaya da ba wanda ya zata.

Mafi amfanin hira ita ce ta mai gadi, dattijo ɗan Adar da ke kwana a ginin tun ana aza tubali. A cikin bayanin da ke liƙe da samfurin, masu zanen sun ɗauka cewa ƙananan tagogin nako, masu jerin fallayen gilashi da ake karkatawa, da ke can sama kusa da silin za su kwana a buɗe, iskar dare ta ratsa ta kwashe zafin da bulo da daɓen siminti suka sha da rana. Shi ya sa aka yi masu sandunan ƙarfe. Kusan rabin lissafin sanyin benen a kan wannan zato ya tsaya. Muka tambaye shi ko yana barin su a buɗe.

"Ɗana, ni abin da anka ce mani shi ne, in kowa ya tashi in rufe ko'ina. In an rasa kwamfuta guda, wa za a tambaya?"

"Baba, har waɗancan na sama, masu ƙarfe?"

"Su ma taga ne. Da sanda nika tura su. Kuma in na bar su, da safe yarinyar da ka shara ta yi ta faɗa don ƙura. Amma gaskiya in na buɗe ɗakin ga da asuba, hucin da ka fitowa kamar an buɗe tanderun burodi."

Ya yi aikinsa daidai yadda aka umarce shi. Umarnin da ya kamata ya kai gare shi yana kwance cikin filashi a durowa, da Faransanci.

Kusurwar da ta yi ja a ƙasa kuwa zauren ɗinki ne, alhali ba shi da zafin da ya kai na sama. Mata suna kukan ciwon kai da jiri da la'asar. Sai da hira ta yi nisa wata daga cikinsu ta ce wa abokiyar aikinmu: "Yaya, wa za ta ratsa gaban maza ta shiga bayi suna kallo?" Ƙofar bayin mata tana kallon inuwar da masu gadi da direbobi ke zaman shayi. Matan sun daina shiga, kuma don kada buƙata ta taso sun rage shan ruwa, a cikin bazarar Tawa. A samfurin, bayin ya cika kowace ƙa'ida, girmansa daidai, famfonsa yana aiki. Babu na'urar awon da za ta gano wannan, kuma a ganina shi ne abu mafi muhimmanci da binciken ya tono, ko da yake bai shafi kuɗin kowa ba.

Awo da lissafi

Muka rataya ƙananan na'urori masu rubuta zafi da laima a ɗakuna da dama da kuma ɗaya a inuwa a waje, muka sa wa layin benen kontar tasa daban, muka karɓi takardun kuran na watannin baya da littafin man gurup, wato janareta. Daga samfurin da aka gyara aka fitar da siffar ginin zuwa EnergyPlus, manhajar kyauta ta ma'aikatar makamashin Amurka, wadda ke lissafa zafin kowane ɗaki awa-awa. Wannan fitarwa ba ta tafiya sumul, sai an zauna an gyara bangayen da suka ɓace a hanya. Sannan ba a yarda da lissafin sai ya yi kusa da abin da aka auna. Jagora mai lamba 14 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gine-gine ta Amurka, ta sa iyakar karkata a kashi 5 cikin 100 idan da takardun wata-wata ake kwatantawa, kashi 10 idan da awon awa-awa ne. Samfurin asali ko kusa bai zo ba. Wanda aka gyara ya matso, amma sai da aka sauya yawan mutane ya zauna.

An zana ɗakin kwamfuta don mutum 12 masu ƙananan kwamfutocin hannu. Bayan buɗewa aka samu kyautar manyan kwamfutocin tebur 20, masu son koyo suka yi yawa, aka koma ɗaukar mutum 30. Lissafin ba ya buƙatar manhaja. Mutum a zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100, talatin sun ba da 3,000. Kwamfutocin sun ƙara kusan 2,000. Tagar yamma, gilashi fari mai faɗin murabba'in mita 6, tana shigo da wajen wat 500 a kowace mita idan ranar la'asar ta kama ta, wani 3,000 ke nan. An kai 8,000 ba a ma taɓa maganar silin ba. Kilim mai doki ɗaya da rabi yana kwashe kimanin wat 3,500, biyu sun ba da 7,000, kuma a zafin waje na 35 ne. A ranar da ta haura 42 ba su kai haka. Injinan ba su hutawa ko na minti guda, ga ƙarfin wuta yana hawa yana sauka, dole su ƙone.

Ita tagar yamma daga zane ta fito, kuma dalilinta sananne ne. Masu zanen sun ƙawata fuskar kudu da rumfunan tare rana, al'adar wanda ya yi karatu a ƙasashen arewa, inda rana in ta kai tsaka ba ta barin kudu. Tawa tana kusan digiri 15 arewa da tsakiyar duniya. Wajen farkon Mayu rana tana tsaye cak a tsakiyar ka, daga nan ta karkata arewa, ba ta dawowa sai wajen tsakiyar Agusta. A watannin da zafi ke kisa, bangon kudu kusan hutu yake. Masu shan wuya su ne rufi da gabas da yamma, su kuma aka bari tsirara. Haka tagogin gabas: hadarin damina a Sahel daga gabas yake tasowa da iskarsa, kowace tsohuwa a Adar ta san wannan, amma an sa nako a wannan fuska ba tare da lanƙwasar rufi da za ta kare su ba.

Akwai abubuwan da manhaja ba ta sani ba sai an gaya mata. Fayil ɗin yanayin da ake ba ta shekara ce ta tsaka-tsaki da aka harhaɗa daga shekaru da yawa, saboda haka ba ta ɗauke da irin zafin farkon Afrilun 2024, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Ba ta san ƙura ba. Tana kuma ɗauka cewa wuta ba ta yankewa, alhali duk wanda ya zauna a Nijar ya ga abin da ya faru daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokaci ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layin. Don haka muka sa wata tambaya da ba ta cikin lissafin asali: idan wuta ta ɗauke da azahar, minti nawa ɗakin zai yi kafin a gudu? Ɗakin da ya dogara ga kilim, aka liƙe tagoginsa, shi ne farkon wanda ake gudu daga cikinsa.

Ma'aunin jin daɗi ma yana da iyakarsa. A tsarin ASHRAE 55, ga ɗakunan da ba su da kilim, zafin da jiki ke karɓa yana tashi tare da zafin waje: a ninka matsakaicin zafin waje da 0.31 a ƙara 17.8. Amma dabarar ta tsaya ne a matsakaicin waje na digiri 33.5, inda take ba da kimanin 28, da iyakar sama kusa da 31.7, fanka mai ƙarfi kuma ta ƙara wajen digiri 2. Matsakaicin Afrilu da Mayu a Tawa yakan kai wannan iyaka ko ya wuce ta. A waɗannan watanni, abin da masu zama a ɗakin suka faɗa da bakinsu ya fi kowane jadawali nauyi a wurinmu.

Inda samfurin ya biya kuɗinsa shi ne gwada magani kafin a kashe ko dala. Aka gwada manyan kilim: ɗakin ya yi sanyi a lissafi, kuɗin kuran suka ƙara tashi, kuma da wuta ta ɗauke an koma gidan jiya. Aka gwada shimfiɗa audugar da buɗe kafofin rufi: duk azuzuwan sama suka sauko, ba ɗakin kwamfuta kaɗai ba. Aka gwada buɗe nako da dare: safiya ta fara da sanyi sosai a Fabrairu da Maris, amfanin ya ragu a Mayu lokacin da daren ma ba ya hucewa. Aka gwada katangar bulo mai huda a gaban tagar yamma. Wanda ya fi duka kuwa ba gyaran gini ba ne: a sauko da kwamfutocin zuwa ɗakin ajiyar da ke ƙasa, wanda bene ke kansa, bangonsa na waje ɗaya ne kuma arewa ya fuskanta. Mafi sanyin ɗaki a ginin, buhunan yadi da tsofaffin kujeru ne ke kwana a ciki.

Darakta ya yi wata tambaya da kowa ke yi: da da ƙasa aka gina, da ba a sha wannan wuya ba? Tambayar tana da tushe a wannan jiha. A nan masallacin Yama yake, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya kuma samu lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Muka sauya bangayen a samfurin zuwa tubalin ƙasa mai kauri. Ƙasa ta taimaka, ta jinkirta shigar zafi zuwa bayan an tashi. Amma muddin kwano yana tsirara a sama kuma gilashi yana kallon yamma, ɗakin bai zaunu ba. Tsofaffin ɗakunan ƙasa ba bango kaɗai ke sa su sanyi ba, rufinsu ma ƙasa ne mai kauri, tagoginsu ƙanana. Sannan maginin da ya yi su ɗan gari ne, duk bayan damina yana dawowa yaɓe, yana jin ƙorafi ko yana so ko ba ya so.

Zaman karɓa ta ƙarshe

Aka haska samfuran biyu a bango, na niyya da na zahiri, da hotuna a liƙe. Wannan ya rage gardama ƙwarai, don ba a ce "rufin ba shi da kyau" ba, an ce silin mai lamba kaza, ga abin da takardar kwangila ta ce, ga hotonsa. Ɗan kwangila bai musa maganar auduga ba, ya ce aikin wani ƙaramin ɗan kwangila ne da ya ba, ya ɗauki shimfiɗawa da kuɗinsa. A kan kilim ya turje, ya ce abin da ke kasuwa ke nan lokacin, kuma wanda ke sa ido kan aikin ya gani ya sa hannu. Gaskiya ne ya sa hannu. Aka daidaita a kan ya mai da injinan waje inuwa, a kuma cire bambancin farashi daga kuɗin da aka riƙe.

Ofishin zanen ba a riƙe masa komai ba, don haka ba abin da za a cire. Ya aiko da zanen katangar yamma, da lanƙwasar rufin gabas, da ɗan shingen da zai kare ƙofar bayin mata, kyauta, tare da wasiƙar da ke jaddada cewa ɗakin na mutum 12 ne. Wannan ma gaskiya ne. Cibiyar ta ɗauki nata: ta sauko da kwamfutoci, ta fasa simintin kafofin rufi ta sa raga, ta mai da zaman shayi bayan ginin tun kafin a gina shingen, ta kuma ba mai gadi sabon umarni a gaban mai shara, cewa daga ƙarshen ɗari zuwa faɗuwar ruwa nako na sama a buɗe za su kwana in ba ƙura ta taso ba. Ba a sayi sabon kilim ko ɗaya ba.

Na'urorin awo sun ci gaba da zama har bazarar da ta biyo. Azuzuwan sama sun sauko sosai, kuɗin kuran sun ragu, kilim ɗin da aka sauko da su ƙasa sun daina mutuwa. Tsohon ɗakin kwamfuta ya zama aji, yana zaunuwa har azahar da fanka, amma a Mayu da la'asar har yanzu ba a karatu a cikinsa, sai aka mai da darussan wannan wata zuwa safiya.

Saura maganar wanda zai riƙe samfurin. Ma'aunin ISO 19650 kashi na 3, wanda ya fito a 2020, ya tanadi yadda za a riƙa sabunta bayanan gini a tsawon rayuwarsa, amma ya ɗauka akwai ma'aikacin da wannan ne aikinsa. Cibiyar ba ta da shi. An koya wa malamin kwamfuta buɗe fayil ɗin IFC da manhajar kyauta, yana kuma rubuta kowane gyara da ƙorafi a jadawali mai lambobin ɗakuna. Sauya bango ko taga a cikin samfurin kuwa sai an aika Yamai an biya. Tuni an raba zauren ɗinki biyu da katako don a samu wurin masu saƙa, kuma wannan rabo bai shiga ba.

Ƙungiyar tana shirin wani gini a wani gari na jihar, ta kuma sa sharuɗɗa a takardar neman ƴan kwangila: ba a rufe silin sai an ɗauki hoton kowane ɗaki daga sama an liƙa a samfurin, ba a karɓar wucin gadi sai an bi samfurin ɗaki-ɗaki tare da wakilin mai gini, kuma za a zauna da mai gadi da masu shara a yi masu bayanin ginin da Hausa. An ware kuɗin awo na bazarar farko a cikin kasafin. Ƴan kwangilar da suka nemi aikin sun karɓi sharuɗɗan, kowannensu kuma ya ƙara kuɗinsu a farashin da ya gabatar.